Tsakanin dauɗa da tarihi: tunani a kan tabon tsohuwar gita

A garuruwan ƙasar Matamaye, irin su Dungu, gyaran gita ba sana'a ba ce da wani ya gada, ko ya kafa mata rumfa a kasuwa. Goge da gurmi da kalangu suna da masu su. Makaɗi ya san inda zai samo ƙwarya da fata da izgar doki, sau da yawa ma shi ne mai haɗa abinsa da hannunsa. Gita kuwa baƙuwa ce. Ta shigo ne ta hannun malaman lekwal, da ƴan ci-rani masu dawowa daga Kano ko daga bakin teku, da ƙungiyoyin samariya na zamanin Seyni Kunce, musamman bayan bikin matasa na ƙasa da aka soma a Damagaram a 1976, lokacin da kowace gunduma take son fitowa da ƴan wasanta. Saboda haka, in wata ƙungiyar al'adu ta zaro tsohuwar gita daga ɗakin ajiya, ta tarar fuskarta ta yi baƙi-baƙi, wuyanta ya dafe, babu inda za a nufa da ita sai wurin kafinta. Umarnin da ake ba shi kuwa gajere ne: a mai da ita sabuwa.

Kafinta yana da hanyarsa, wadda yake bi da tebur da ƙofa da bencin ƴan makaranta. Yakan kankare tsohon berni, wato man ƙyallin da ake shafa wa katako, ya bi wurin da samfefa har ya yi fari, sannan ya shafa sabo. A kan tebur babu abin cewa. A kan gita akwai magana, kuma maganar ta wuce ta ƙwarewar hannu. Duk abin da aka kankare ya tafi ke nan, ba mai dawo da shi. Mai riƙe da samfefa, cikin awa guda, yana yanke hukunci a madadin wanda ya ƙera kayan, da waɗanda suka kaɗa shi shekara da shekaru, da wanda zai gaje shi, alhali ba ko ɗayansu a wurin. Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce: a cikin abin da zamani ya bari a jikin katako, wanne ne dauɗar da ta wajaba a fitar, wanne ne kuma mai gyara ba shi da ikon taɓawa?

Kafin a kai ga hukunci, ya kamata a san cewa kalmar tabo ta haɗe abubuwan da ba jinsinsu ɗaya ba. Akwai ƙura da hayaƙi da maiƙon hannu da suke kwance bisa berni. Tsumma mai ɗan laima da sabulu kaɗan sun ishe su. Akwai farin zoben da kofin shayi mai zafi yake bari, wanda laima ce ta maƙale cikin bernin, ba ta kai ga katako ba. Waɗannan biyu ba su da gardama. Wahalar tana farawa ne inda berni ya riga ya cinye, abu ya sami hanyar shiga naman itacen. Gumi da man jiki sukan ratsa, su mai da wurin ruwan ƙasa mai duhu; masu gyara sukan jawo wani ɓangarensu waje da alli da aka kwaɓa da sinadarin narkar da maiƙo, amma ba sa fita duka. Ruwan damina da ya ɗigo daga rufi yakan bar shaci mai gefe kamar taswira, in ya daɗe kuma funfuna ta biyo baya. A yankin fadamun Korama, inda ake noman rake, laima ba ta da nisa, ga kuma hunturu da ke zuwa ya busar da katako har ya tsage. Kayan da aka jingine shekaru yana shan duka biyun.

Mafi taurin kai shi ne baƙin tabon da ake gani kewaye da ƙusa ko sukuru ko makunnan ɗaure tsirkiya. Shi wannan bai zo daga waje ya zauna ba. Ƙarfe ne ya yi tsatsa, ruwa ya ɗauki tsatsar ya haɗa ta da wani sinadari mai bauri da ke cikin itacen kansa, wato tanin, suka haifi baƙin launi a cikin zaren katakon. Duk wanda ya taɓa zama rumfar dukawan Damagaram ya ga wannan haɗi da idonsa: fatar da aka jeme da bagaruwa cike take da tanin, in aka shafa mata kuloko, ruwan da ake jiƙa tsatsar ƙarfe ko kashin maƙera a ciki, nan take sai ta koma baƙa. Abin da baduku yake nema da gangan don ado, shi ne mai gita yake kuka da shi. Launin ɗaya ne. Wurin da ya faɗa da ra'ayin mai kallo su suka sa wa ɗaya suna rini, ɗaya kuma tabo.

Wannan baƙin yana da magani sananne, asid ɗin oksalik, wanda ake sayarwa a shagunan Faransa da sunan sel d'oseille, gishirin yakuwa ke nan in za a fassara. Yana kama ƙarfen ya narkar da shi, baƙin ya ɓace, asalin launin itacen kuma bai jirkice sosai ba. Sai dai guba ne, dole a ɗauraye wurin, kuma ƙurarsa tana cutar da maƙogwaro in aka goge kafin a wanke. Ruwan jabel na wanki yana cin rini da tawada, amma bai iya da tsatsa ba. Akwai kuma mai ƙarfi, wanda ake haɗa soda mai ƙuna da ruwan oksijen, shi kuwa ba ya bambancewa: da tabon da launin da aka halicci itacen da shi, duka yake kwashewa, ya bar katako fari fat kamar ƙashi. Kowannensu da ruwa yake aiki, ruwa kuma yana kumbura siririn katako, yana sassauta gam.

In magunguna suka gaza sai a koma ga samfefa, a nan ne kuma ake biyan farashi mafi tsada. Fuskar gita, wato allon da ke ɗaukar girgizar tsirkiya ya mai da ita amo, kaurinta tsakanin milimita 2 da 3 ne kawai. Injiniyoyi sun san cewa ƙarfin allo wajen jure lanƙwasa ya fi kaurinsa saurin faɗuwa: in aka cire kashi ɗaya cikin goma na kaurin, ƙarfin yana raguwa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Tsirkiyoyin ƙarfe shida kuwa suna jan wannan allo da nauyin da ya kai wajen kilo 70, dare da rana. Fuskar da aka sirantar takan kumbura a bayan jakin da tsirkiyoyi ke hawa, amo ya canza, wani lokaci ta tsage da hunturun farko. Gitar talaka ma ta fi shiga haɗari, don yawanci da fale-falen katako manne da juna ake yin ta, na saman bai kai milimita guda ba. Hannu ya ɗan yi nauyi, sai a huda shi a tarar da gam. Ga kuma launin zuma da haske ya ba katako cikin shekaru, wanda a sama-sama kawai yake. Wurin da aka goge sai ya fito fari a tsakiyar ja, a sami sabon tabo da ya fi na farko muni, daga nan a ga dole a bi fuskar gaba ɗaya don a daidaita. Garin neman gira a rasa ido, in ji masu iya magana.

Turawa sun yi wannan gardama tun ƙarni na 19, a kan gine-gine. Eugène Viollet-le-Duc (1814–1879), wanda ya gyara majami'ar Notre-Dame ta Paris da ganuwar Carcassonne, yana ganin aikin mai gyara shi ne ya kai gini ga cikar kamarsa, ko da ginin bai taɓa tsayawa cikin wannan kama ba a wani zamani. John Ruskin na Ingila, a littafinsa na 1849 kan gine-gine, ya ɗauki irin wannan gyara a matsayin rushewa da aka lulluɓe da ƙarya. A wurinsa a kula da abu kullum don kada ya lalace, in ajalinsa ya zo a bar shi ya tafi da mutuncinsa. Yarjejeniyar Venis ta 1964 ta bi tsakani: a girmama abin da kowane zamani ya ƙara, a tsaya inda sani ya ƙare zato ya fara, kuma sabon abin da aka sa ya kasance mai lura zai iya gane shi. Abin murmushi a nan shi ne, hasumiyar da Viollet-le-Duc ya ƙera wa Notre-Dame bisa nasa zanen, da ta ƙone a gobarar Afrilun 2019, ita aka sake ginawa daidai yadda ya yi ta kafin buɗe majami'ar a Disamban 2024. Abin da masu sukarsa suka kira ƙari, shekara 160 sun mai da shi gado.

A duniyar gita, ra'ayin Ruskin ne ya ci kasuwa. Mawaƙin Amurka Willie Nelson yana kaɗa gita guda, ƙirar Martin, tun 1969, har hannunsa ya huda rami a fuskarta, ga sa hannun abokansa fiye da ɗari a jikinta. Mark Erlewine na birnin Austin, wanda ya daɗe yana kula da ita, yakan tokare katakon daga ciki, ya shafa abin da zai hana shi ci gaba da cinyewa, amma ramin yana nan. Gitar Rory Gallagher na ƙasar Ailan, wadda ya saya fam 100 a birnin Cork a 1963, guminsa ya cinye kusan dukan fentinta. A Oktoban 2024 aka yi gwanjonta a Landan a kan fam 700,000, don a ajiye ta a gidan tarihin ƙasarsa. Dillalan tsoffin gitoci sukan ce sabon fenti, komai kyansa, yana iya zubar da rabin kuɗin kaya. Daga nan sai abin ya juye. Tun 1995 kamfanin Fender yake sayar da sababbin gitoci da aka ƙuje aka tsatsantar a masana'anta, don su yi kama da waɗanda suka sha hannu shekara arba'in. Kamfanin ba ya ɓoye cewa sababbi ne, don haka ba za a kira abin zamba ba; amma mai saye yana biyan kuɗin gumin da ba wanda ya zubar.

A nan mai karatu na Dungu zai iya ɗaga murya, kuma yana da hujja. Son tsufan kaya sha'awa ce ta wanda ya ƙoshi da sabo. Mutumin da kusan duk abin da ya mallaka gwanjo ne, daga riga har keke, ba ya buƙatar a koya masa darajar tabo. Ya gaji da shi. Ƙungiyar da za ta hau dandamali ranar wasa tana son kayanta su yi ƙyalli, kuma babu abin kunya a cikin wannan. Bugu da ƙari, al'adar Hausa ba ta ajiyar kango ba ce. Gidan ƙasa ana yi masa yaɓe kafin damina, sabon yaɓe ya rufe tsohon zane, wani magini ya sake zana nasa. Makaɗi yana sauya fatar gurmi in ta saki, ba ya yi mata makoki. Kuntigin da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi suna da shi har ƙasashen waje, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata. Darajarsa a yatsun mai shi take. Almajiri yana wanke allonsa duk lokacin da ya haddace, in bai wanke ba karatu ba zai ci gaba ba. Ko masanan duniya sun amince da wannan a taron Nara na ƙasar Japan a 1994, inda aka yarda cewa kowace al'umma tana da ma'auninta na abin da ake kira asali. A Japan ɗin ma ana sake gina wurin ibadar Ise duk bayan shekara 20.

Hujjar tana da nauyi, sai dai in aka duba misalan da kyau, ba su ba samfefa izini ba. Mai yaɓe ƙari yake yi, ba ya rage kaurin bango. Fata da tsirkiya an yi su ne don su ƙare a sauya, kamar takalmin tafiya. Ƙwaryar gurmi ko jikin molo da aka sassaƙa kuwa, in suka yi amo mai daɗi, makaɗi ba ya rabuwa da su. Allon aduwa da ruwa ake wanke shi, tawadar gawayi da ƙaro ta fita, amma inuwar rubutu tana zama cikin katakon. Tsohon allo da ya yi duhu ya yi santsi saboda yawan wanki abin alfahari ne ga gardi, ba wanda zai kai shi a feƙe don ya yi kama da na sabon shiga. Sai kuma gyartai, mai ɗinkin ƙwarya: yana huda, yana ɗinkewa, ƙwarya ta koma aiki, ɗinkin kuwa yana waje kowa na gani. Bai taɓa cewa ƙwaryar ba ta fashe ba. Ashe abin da aka rubuta a Venis a 1964, gyartai yana aiki da shi a ƙofar gida tun kafin nan.

Daga waɗannan sana'o'i ana iya fitar da ma'auni da ba a aro daga ko'ina ba. Akwai tabon da yake da rai, wato yake ci gaba da cin kaya: funfuna, tsatsa, laima, gara, maiƙon da ya shiga tsaga zai hana gam kamawa. Fitar da wannan wajibi ne, barinsa da sunan girmama tarihi sakaci ne kawai aka sa wa babbar riga. Akwai kuma tabon da ya gama aikinsa, bai cutar da komai sai ido: duhun da babban yatsa ya bari a bayan wuya, wurin da damtse ya cinye berni, ƙujewar farce a ƙarƙashin rami. Shi wannan labari yake bayarwa ga mai iya karantawa. Duhun wuya yana nuna inda hannun mai ita ya fi zama, wato irin karin da ya fi kaɗawa. A kan gitar malamin ƙauye da ba a taɓa ɗaukar sautinsa a kaset ba, wataƙila wannan ne kaɗai abin da ya rage na kiɗan mutumin. Goge shi ba ya ƙara wa amo komai, sau da yawa ma ragewa yake. In ana tsoron wurin ya ci gaba da shan gumi, siririn shafi a bisansa ya wadatar, irin wanda na baya zai iya cirewa in ya sami dabarar da ta fi.

Kada kuma a zarce a mai da kayan kiɗa abin kallo kawai. Labarin Malam Mamman Barka ya isa tunatarwa. Haifaffen Tesker ne a jihar Damagaram, malamin makaranta kafin gurmi ya fito da sunansa. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi gaɓar tafkin Cadi wurin Bukar Tar, tsohon da aka sani a matsayin na ƙarshe cikin gwanayen biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Katakon biram ana iya ajiye shi a gidan tarihi na Bubu Hama, ko cikin tarin kayan kiɗa na cibiyar Elhaji Taya a Yamai. Abin da ya kusa ɓacewa a lokacin hannu ne da kunne da waƙoƙin. Barka ya koya, ya kai biram Turai, ya rasu a 2018. Haka gitar da aka ƙi taɓawa don tsoron ɓata tabonta, har ta kasa kaɗuwa, an kashe ta ta wata hanyar. Inda tabo da amo suka yi karo, amo ne gaba, domin don shi aka yi ta. Sai dai ba kasafai suke karo ba. Yawanci da ido tabo yake karo.

Saura maganar gaskiya. Kafintan da ya cike tsaga da garin katako da gam, ya bi da berni mai duhu don kada a gani, tabo biyu ya rufe lokaci guda: wanda bai da lahani, da wanda zai buɗe a hannun mai saye. Wannan babin an daɗe da shari'anta shi. Risalar Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, littafin da ake karantawa a zaurukan Damagaram, ta hana algus da ɓoye aibin kaya, ta kuma ba mai saye zaɓin mayarwa in ya gano. Sashe na 1641 na dokar farar hula ta Faransa, ta 1804, ya ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibi. Kayan ƙungiya ba na sayarwa ba ne, amma masu gado ma masu karɓa ne, kuma suna da haƙƙin sanin abin da aka miƙa musu. Abin da ƙungiya za ta iya yi ba ya cin ko dala: a ɗauki hoton gita da waya kafin a taɓa ta, a rubuta cikin kundi abin da aka cire da abin da aka sa, da shekarar da aka yi, da sunayen waɗanda aka san sun kaɗa ta, tun akwai dattijon da zai tuna.

Akwai dai halin da wannan ma'auni bai warware ba, domin ba kowane tarihi ne mai shi yake son gani ba. A bayan wata gita za a tarar da sunan tsohon mai ita an ƙona shi da ƙusa mai zafi, magajin kuwa yana da dalilinsa na ƙin sunan. A fuskar wata za a ga shacin takardar jam'iyya ko tambarin ƙungiyar da zamaninta ya wuce, wanda wasu suke tunawa da daɗi, wasu da ɗaci. In kayan na mutum ɗaya ne, ikon nasa ne, kuma ba mai tilasta masa zama da abin da ke sosa masa rai; abin da ke kan kafinta shi ne ya faɗa masa, kafin ya sa hannu, milimita nawa sharewar za ta ci. In kayan na jama'a ne, shugaban yau ɗan amana ne na ƴan shekaru, kuma ya fi dacewa maganar ta je gaban taro kafin ta je rumfar kafinta, ko da taron zai watse ba a daidaita ba.

Shacin takarda yana da wani abu na dabam. Wurin da aka manna ta ya fi sauran fari, saboda ita ta tare masa haske shekarun da sauran fuskar take yin duhu. Ba asid ko jabel da ke da aiki a nan, tun da babu abin fitarwa. Masu gyara sukan rataye gitar a ɗaki mai haske, ba cikin rana ba, su bar ta wata da watanni. Farin yakan matso kusa da launin zuma a hankali, ko da yake gefen shacin ba ya ɓacewa sarai ga wanda ya san inda zai duba.